Riƙon Musakin Ɗan Tsintuwa a Littafin Notre-Dame de Paris na Victor Hugo

Gabatarwa

Littafin Notre-Dame de Paris, wanda Victor Hugo (1802–1885) ya wallafa cikin shekarar 1831, ya daɗe a hannun manazarta, kuma galibi ta fuska biyu aka fi dubansa. Wasu sun ɗauke shi a kan kuka ne marubucin ya yi don a ceci tsofaffin gine-ginen Faransa daga rushewa, wasu kuwa labarin soyayya suka gani, watau na mazan da suka yi ca a kan wata yarinya mai rawa, Esmeralda. Akwai fuska ta uku wadda kashi na huɗu na littafin ya keɓanta da ita, ita ce dangantakar da ke tsakanin limamin majami'a Claude Frollo da Quasimodo, yaron da aka haifa da tawayar halitta, aka yasar, shi kuma ya ɗauka ya riƙa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi wannan riƙo daga farkonsa, a nuna cewa Frollo da tausayi na gaskiya ya ɗauki yaron, amma ya mai da kansa ƙofa ɗaya tilo tsakanin yaron da sauran mutane, kuma nakasar da ta fi cutar da Quasimodo a hannun mariƙinsa ya same ta.

Kafin a shiga labarin akwai matsalar kalma. Kalmar da Hugo ya sa a bakin Frollo ita ce wadda Faransawa ke faɗa in mutum ya mai da ɗan wani nasa. Hausa ba ta da kalma guda da ta zo daidai da ita. Akwai riƙo, akwai tallafi, kuma duka biyun a cikin dangi aka fi yinsu: goggo ta ɗauki 'yar ɗan'uwanta, kaka ta yaye jika ta ci gaba da riƙonsa, yaro ya san iyayensa, iyayen kuma sun san inda yake. Irin wannan tallafi ne Baba ta Karo ta yi bayaninsa a littafin da Mary Smith ta fitar a 1954. Akwai kuma ɗan tsintuwa, wanda malaman fiƙihu suka ce ɗaukarsa wajibi ne a kan jama'a, in wani ya yi ya ɗauke wa saura, amma ba a jingina shi ga nasabar wanda ya tsince shi. Quasimodo ɗan tsintuwa ne da aka riƙa, ba shi da kawu ko inna da za su leƙo su ga yadda ake riƙonsa. Wannan rashin mai leƙowa ya kamata mai karatu ya riƙe a ransa.

A Faransa ta zamanin Hugo ma abin da Frollo ya yi ba shi da gurbi sosai a doka. Dokar 1804 a bisa ƙa'ida ba ta yarda a mai da ƙaramin yaro ɗa ba, sai wanda ya mallaki hankalin kansa, shi kuma mai ɗauka sai ya haura shekara 50 ba shi da ɗan kansa. Sai a 1923, bayan Yaƙin Duniya na Farko ya bar marayu barkatai, aka buɗe wannan ƙofa. Jariran da aka yasar kuwa, wata doka ta 1811 ta sa an yi musu akwati mai juyawa a bangon gidajen reno, uwa ta sa jariri ta juya, ba wanda ya ga fuskarta. Saboda haka ko da yake labarin a ƙarni na 15 aka gina shi, mutanen da suka fara karanta shi sun san yaran da ake magana a kansu.

Gadon katako

Labarin ya buɗe ne ranar 6 ga Janairu, 1482, inda aka naɗa Quasimodo sarkin wawaye saboda ba wanda ya kai shi muni. Sai a kashi na huɗu marubucin ya koma baya ya nuna asalinsa. A ƙofar babbar majami'ar akwai wani gadon katako da ake ajiye yaran da aka yasar, da tasar tagulla a gabansa don sadaka, wanda ya ga dama ya ɗauka. A wata safiyar Lahadi ta 1467 aka wayi gari da wani yaro a kan gadon, ɗan kimanin shekara huɗu, a cikin buhu, kansa kawai ke waje. (Hugo ya ce shekara 16 ke nan kafin labarin, alhali lissafi 15 ya ba da, haka kuma ƙarin da ya rufe wa yaron ido, a wani babi na dama ne, a wani na hagu. Irin wannan sakaci bai rage kome ba daga labarin.)

Abin lura a wannan babi shi ne marubucin bai bar mai karatu ya ga yaron da idonsa ba tukuna, sai ta bakin 'yan kallo. Waɗansu zawarawa huɗu, tsofaffi masu hidimar ibada, su ne suka fara tsayawa a kansa. Wannan ta ce ba ɗan mutum ba ne, waccan ta ce biri ne da bai gama zama biri ba, wata ta tausaya wa masu shayarwar da za a kai musu shi, daga ƙarshe ra'ayi ya taru a kan ruwa ko wuta. Sai ga wani babban ma'aikacin sarki, mai ilmi da muƙami, ya duba ƙarin da ke idon yaron ya ce ƙwai ne da wani shaiɗanin a ciki, ya goyi bayan wuta. Da gangan Hugo ya sa wa babin sunan da ke nufin mutanen kirki. Masu ibada da masu ilmi ne suka yanke hukuncin, da natsuwa, ba tare da wani ya ɗaga murya ba.

Daga baya, a kashi na shida, an ji ta bakin wata baƙuwa daga garin Reims cewa yaron musanya aka yi da shi: an sace wa wata matalauciya, Paquette, kyakkyawar jaririyarta, aka bar mata shi a madadinta. Wannan tsohon jigo ne a adabin baka na Turai, watau ɗan da aljanu suka musanya, kuma ba baƙo ba ne ga wanda ya san camfin ɗan ruwa a ƙasar Hausa, inda akan ce yaron da ya kasa zama ko riƙe wuya ba mutum ba ne, a kai shi bakin kogi ya koma wurin danginsa. Aikin camfin ɗaya ne a duk inda aka same shi: a fid da yaro daga sahun 'yan Adam tukuna, don abin da za a yi masa ya zo da sauƙi. Sai dai Hugo, maimakon aljanu, a kan al'ummar Romani ya ɗora satar, waɗanda littafin ke kira Misirawa, ya kuwa ƙarfafa wani tsohon ƙazafi da aka daɗe ana yi musu. Wannan aibi ne a littafin da bai kamata malami ya tsallake shi ba in yana koyar da shi.

Ana cikin shawarar ƙona yaron sai wani saurayin limami ya ratsa taron, ya miƙa hannu a kansa, ya ce ya ɗauke shi, ya naɗe shi a rigarsa ya wuce. Abin da ɗaya daga cikin tsofaffin ta ce shi ne dama ta faɗa, wannan limami matsafi ne. Watau tun daga sa'ar farko zargin da ke kan yaron ya shafi wanda ya ɗauke shi. A bugun 1832 Hugo ya ƙara wani gajeren babi da ke nuna su biyun suna tafiya a lungunan unguwa, yara da tsofaffi na yi musu ba'a da zambo. Duk wanda ya taɓa ganin yadda akan zuba wa mai goyon musaki ido a kasuwa ya san marubucin bai ƙara gishiri ba.

Me ya sa Frollo ya ɗauke shi? Nan ne littafin ya fi nauyi. Frollo ɗalibi ne da aka tsara wa aikin majami'a tun yana ƙarami, bai san kome ba sai littattafai. Annobar 1466 ta kashe iyayensa yana ɗan shekara 19, ta bar masa ƙane jinjiri, Jehan, wanda ya kai wa matar wani mai niƙa ta shayar, ya kuma sa masa dukan ƙaunar da bai taɓa yi wa kowa ba. Da ya ga yaron nan a gadon katako sai ya tuna cewa in ya mutu, ƙanensa ma nan zai iya ƙarewa. Marubucin ya faɗa a sarari cewa da ya fito da yaron daga buhu ya ga doro da ƙirjin da ya turo da karkatattun ƙafafu, tausayinsa ƙaruwa ya yi. Amma ya haɗa da wata niyya: zai reni yaron ne saboda ƙanensa, don duk laifin da Jehan zai yi nan gaba, ya tarar da wannan sadaka an ajiye masa. Hugo da kalmomin 'yan kasuwa ya bayyana wannan, watau jari da ajiya.

Ba daidai ba ne a ce wannan niyya ta ɓata aikin. Neman lada ba laifi ba ne, kuma da ba don shi ba da yaron ya ƙone. Abin da niyyar ta nuna dai shi ne tun farko idon Frollo a kan wani yaro dabam yake, Quasimodo kuwa hanya ce. Ko sunan ma haka. Lahadin da aka tsince shi, wadda ke bin Ista, ana kiranta Quasimodo saboda kalmomin Latin da ake buɗe addu'ar ranar da su, don haka sunan kamar a ce Ɗanladi ne. Amma kalmomin suna iya ɗaukar ma'anar abin da yake kamar-kamar, wanda bai kammala ba, kuma marubucin ya bar ƙofar duka fassarorin biyu a buɗe. Bahaushe ma yakan sa wa yaro suna daga halittarsa, kamar Cindo ga mai yatsa shida, sai dai Cindo laƙabi ne da ke zaune a gefen sunan yanka. Quasimodo ba shi da wani suna ban da wannan.

Tarbiyya a hasumiya

In aka yi wa Frollo adalci, ya yi ƙoƙari. Ya ciyar da yaron, ya kāre shi daga yara da karnuka, ya koya masa magana da ƙyar, ya koya masa karatu da rubutu. Babu inda aka nuna ya bar shi da yunwa. Amma a kwatanta da Jehan. Shi an kai shi gidan da akwai uwa da iska da rana, daga nan aka sa shi makarantar da wansa ya yi, ya yi abokai, ya lalace, ya riƙa zuwa roƙon kuɗi ana yi masa wa'azi ana ba shi. Quasimodo kuwa bai taɓa sanin gida ba. Frollo limami ne marar mata, ba shi da tsakar gida, ba kishiyoyi, ba maƙwabta masu shigowa. An ce ɗa na kowa ne, to wannan ɗan na mutum ɗaya ne da ginin dutse. Ya yi rarrafe a ƙarƙashin bakunan majami'ar, ya girma yana hawan bango, har marubucin ya ce ya ɗauki siffar ginin yadda dodon-koɗi ke ɗaukar siffar ɓawonsa. Hugo, da yake ginin ne abin ƙaunarsa, ya rubuta wannan kamar abin sha'awa, sai mai karatu ya natsu kafin ya gane tsarewa ake bayyana masa.

Da yaron ya kai shekara 14, Frollo, wanda a lokacin ya zama babba a majami'ar, ya samo masa aikin kaɗa ƙararrawa. A fuska wannan alheri ne, gama an ba musaki sana'a. Amma ƙarar ta fasa masa dodon kunne, ya kurumce. An haife shi da ido ɗaya da doro da ɗingishi, duk da haka yana ji, yana magana. Kunne shi ne ƙofar da ta rage masa a buɗe, aikin da mariƙinsa ya zaɓa masa ya rufe ta. Bayan haka ya ƙudurta yin shiru don kada a ƙara samun abin yi masa dariya, harshen da Frollo ya sha wahalar kwancewa ya koma ya ɗaure. Suka ƙirƙiri maganar hannu wadda su biyu kaɗai suka sani. Daga ranar duk abin da duniya za ta faɗa wa Quasimodo sai ta hannun Frollo, kuma babu alamar Frollo ya ga wata hasara a nan. Babin da ya bayyana wannan biyayya sunansa kare da ubangijinsa.

A nan ne kuma Hugo da kansa ya yi tuntuɓe. Ya tsaya ya yi dogon bayani cewa ruhi yakan tsumbure a cikin jiki marar kyau, cewa abin da ke shiga ƙwaƙwalwar Quasimodo a karkace yake fita. Wannan ra'ayi ne da ya yi tashe a ƙarni na 19, lokacin da ake auna halin mutum da siffar ƙoƙon kansa, kuma ba shi da tushe: karkatar ƙashin baya ba ta taɓa hankali. Abin da ya ceci littafin shi ne labarin ya ƙaryata mai ba da shi. A babin nan dai marubucin ya dawo ya ce watakila muguntar ba ta halitta ba ce, gama tun da yaron ya fara taka ƙasa ba'a da tsinuwa yake gamuwa da su, makamin da aka sare shi da shi ya tsinta. Sa'an nan a sauran littafin wannan da aka ce tunaninsa a karkace yake shi ne ya fi kowa gane mutane. Ya gane cewa sojan nan Phoebus holoƙo ne, ya gane cewa ganinsa na tsorata Esmeralda har ya riƙa zuwa in ta yi barci, ya ba ta usur don ta kira shi da sautin da kunnensa ke iya kamawa.

Jarrabawar riƙon ta zo a dandalin Grève. Frollo ne ya sa Quasimodo ya sato masa Esmeralda, da aka kama yaron ya sulale ya gudu. Aka kai kurma gaban alƙali kurma, kowa na amsa abin da ba a tambaya ba, aka yanke masa bulala a bainar jama'a, aka ɗaure shi a kan faifan katako mai juyawa. Yana cikin jini da jifa sai ya hango Frollo tafe a kan alfadari, fuskarsa ta washe da murmushi, yana zaton mai ceto ya iso. Da limamin ya gane wanda ke ɗaure sai ya sunkuyar da kai, ya juya alfadari, ya tsere. Mutumin da ya ratsa taro yana ɗan shekara 20 don ya ɗauki yaron da ba wanda ke so, shi ne ya kasa ratsa taro yana ɗan shekara 36, yanzu da yake da muƙamin da zai kāre. Hugo bai yi sharhi a kan kamannin wuraren biyu ba, kuma hakan ya fi. Ruwan da Quasimodo ya yi ta roƙo, yarinyar da ya so sacewa ce ta hau ta ba shi.

Fina-finan da aka yi daga littafin kusan duk sun kauce wa wannan. Na 1923 da na 1939 sun raba Frollo biyu, suka bar limami mutumin kirki suka ɗora muguntar a kan ɗan'uwansa. Na kamfanin Disney na 1996 ya wuce nan: Frollo alƙali ne da ya yi sanadin mutuwar uwar jaririn a matakalar majami'a, ya tashi jefa shi a rijiya, aka tilasta masa renonsa, Quasimodo kuma ba kurma ba ne, a ƙarshe jama'a suka rungume shi. Wannan ya sauƙaƙa wa mai kallo, domin mugun mariƙi kowa na iya tsine masa ya tafi da zuciya wasai. Na littafin ya fi wuyar sha'ani, domin ya yi abin da ya fi ƙarfin yawancin masu karanta shi, duk da haka ya cuci yaron. Shi Hugo ya sake gwada jigon a L'Homme qui rit (1869), inda wani mai maganin gargajiya, Ursus, mai yawan mita da zagin duniya, ya buɗe wa yaro mai yankakken baki da makauniyar jaririya ƙofar kekensa cikin dare, ya ba su abincinsa yana ƙorafi. Ursus bai yi lissafin lada ba, kuma yaran sun tashi da juna da sana'ar da ke kai su cikin mutane, ko da yake sana'ar ta nuna fuskar yaron ce ga 'yan kallo.

Kurumtar da aka yi ta nanatawa a nan ita ce ta warware labarin. Da mabarata da ɓarayin Paris suka taru da dare don su fid da Esmeralda daga majami'ar kafin hukuma ta kama ta, Quasimodo bai ji abin da suke faɗa ba, ya ɗauka kashe ta suka zo yi, ya yaƙe su da duwatsu da narkakkiyar dalma. A cikinsu akwai Jehan, wanda ya hau tsani ya harbe shi a hannu. Quasimodo ya kama shi ta ƙafafu ya maka shi da bango. Yaron da aka rena don a tara wa Jehan lada shi ne ajalin Jehan, kuma Frollo da bakinsa ya kwatanta kansa da Ƙabila. Washegari, a saman hasumiya, Quasimodo ya ga an rataye Esmeralda, ya ga mariƙinsa na dariya, dariyar da bai ji ba sai dai ya gani, ya tunkuɗa shi. Mutumin nan ne kuwa wanda kwanakin baya, da ya gane shi ne ke neman keta yarinyar, bai iya ɗaga masa hannu ba, sai ya durƙusa ya miƙa masa wuƙa ya ce ya fara kashe shi tukuna.

Bayan kimanin shekara biyu aka tarar da ƙasusuwan mutum biyu a ramin Montfaucon, inda ake zubar da gawarwakin waɗanda aka rataye, ɗaya ya ƙanƙame ɗaya. Waɗanda suka tono su ba su san sunan namijin ba. Abin da suka lura da shi shi ne ƙashin bayansa a karkace yake, kansa ya nutse tsakanin kafaɗu, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ƙashin wuyansa kuma bai karye ba, watau ba rataye shi aka yi ba, da ƙafarsa ya zo.